Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Ilimi Na Jihar Kano: A Mayar Wa 'Yan Sakandare Dandamalinsu



Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan wani al'amari da ba a cika sa shi cikin lissafi ba tun da gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Yunin 2024, alhali yana nan cikin aljihun ɗalibanku, ko cikin jakar yayyensu mata, ko ƙarƙashin matashin iyayensu. Ina nufin kyamarar gaba ta wayar hannu, da hoton ɗauki-da-kanka wanda yaran ke kira selfi, da irin mutumin da ɗan shekara 14 ko 16 ke ƙerawa da shi yana nuna wa duniya da sunan shi ne. Roƙona guda ɗaya ne. Ma'aikatarka ta farfaɗo da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo a makarantun sakandare, ta ba su gurbi tabbatacce a jadawalin mako, ta kuma bar ɗaliban su tsara wasanninsu da kansu a kan wannan rayuwa ta waya da suka tsinci kansu a ciki. Na san kana iya cewa a cikin tarin azuzuwan da ba rufi wannan ƙaramar magana ce, don haka bari in kawo hujjata.

Abin bai daɗe ba, shi ya sa manya da yawa ba su gama gane shi ba. A 2010 ne kamfanin Apple ya fitar da wayarsa mai kyamarar gaba, a shekarar kuma aka buɗe Instagram. Zuwa 2013 masu ƙamus na Oxford suka zaɓi kalmar selfi a matsayin kalmar shekara, a 2015 Snapchat ya kawo filta mai sauya fuska nan take. Sai ga wayoyin Tecno da itel da Infinix masu sauƙin kuɗi sun cika shagunan Farm Centre da titin Beirut, har ta kai wanda bai mallaki waya ba yana iya aron ta abokinsa na minti biyar. A cikin minti biyar ɗin nan me ke faruwa? Yarinya ta ari mayafin ƙawarta, ta nemi bangon da ya fi na gidansu kyau, ta ɗauki hoto ashirin ta goge goma sha tara, ta sa filta ta haska fata ta siranta hanci, ta ɗora a sitatus, sannan ta zauna tana ƙirga waɗanda suka gani da waɗanda suka yi shiru. Yaro namiji ya jingina da motar da bai san mai ita ba, ya ari agogo, ya murtuke fuska irin ta wani mawaƙi. Duk wanda ya san wasan kwaikwayo zai gane abin da yake gani: ga kayan wasa, ga gwaji, ga dandamali, ga 'yan kallo. Yaranmu sun riga sun zama 'yan wasa ba tare da kowa ya koya musu ba. Abin da suka rasa shi ne abin da kowane ɗan wasa na gaskiya yake da shi, wato sanin cewa rawar da ya taka rawa ce, da kuma bayan labule inda zai tuɓe rigar sarki ya koma sunansa na yanka.

Wannan rashi ya fi tsanani ne saboda shekarun da ya faɗo a kai. Tsakanin balaga da ƙarshen sakandare ne mutum ke fara tambayar kansa ko shi wane ne, kuma a wurin mutane yake neman amsa. Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan, don kunya da kara da mutunci duk sun rataya ne a kan idon jama'a. Sai dai idon da ya tarbiyyantar da iyayen yaran nan ido ne da ya san su: na gwaggo, na malamin allo, na maƙwabci, na sa'anni a dandali. Wanda ya yaba maka yau ya san gidanku, gobe kuma zai gan ka da tsohuwar riga bai raina ka ba. Idon waya na dubban baƙi ne da ba su san komai game da yaro ba sai hoton, kuma yabonsu lamba ce da ake iya ƙirgawa a kwatanta da ta wani. Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To ga fuskar an goge ta, an haska ta, an sa ta murmushin da ba na lokacin ba ne, har mai ita kan dubi madubi da safe ta ji kamar ta gaza kai wa matsayin hoton da ita ce ta ɗauka jiya.

Akwai shaida a kan cewa wannan yana yin illa. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, inda binciken su kansu ya nuna kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce idan suna jin rashin gamsuwa da jikinsu, Instagram na ƙara musu wannan jin. A watan Mayun 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa matasan da ke wuce awa uku a rana a kafafen sada zumunta haɗarin alamun damuwa da fargaba na ninkuwa a kansu. Adalci ne in kawo ɗaya ɓangaren. A 2019 masu bincike biyu na Jami'ar Oxford, Amy Orben da Andrew Przybylski, sun tace bayanan dubban ɗaruruwan matasa suka iske alaƙar amfani da na'urori da walwalar zuciya ƙarama ce ƙwarai idan aka ɗauki matasa jimla. Ban musanta ba, kuma hujjata ba ta dogara da cewa waya ta lalata kowane yaro ba. Lissafin jimla yana ɓoye 'yan kaɗan ɗin da abin ya yi wa mugun kamu, su kuwa a jiha mai yawan ɗalibai irin Kano ba kaɗan ba ne. Sannan a ƙasarmu filta ta sauka ne a kan ciwon da ya riga ta zuwa. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito a 2011 sun ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da man sauya launin fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Yarinyar da waya ta nuna mata kanta fara sau ɗari a wata, ba sai an yi mata tallan mai ba, da ƙafarta za ta je nemansa. Ga kuma masu yaudarar yara su turo hoton tsiraici sannan su yi musu barazanar tonon asiri: a watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Nijeriya da ke da hannu a wannan ɗanyen aiki.

Abin da muka saba yi idan irin wannan ta taso shi ne hani da hukunci, kuma tarihin Kano ya isa ya nuna mana iyakarsu. A 2007 an ƙona littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, sai ga labaran sun koma cikin waya, ana karanta su a WhatsApp da Wattpad inda babu malamin da zai gani. A watan Nuwamban 2022 wata kotun majistare ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 da tara da sharar harabar kotu. Hukumar Hisba ta kama wasu, ta kuma zauna da wasu ta yi musu nasiha. A makarantun kwana ana ƙwace wayoyi duk zango. Ba na cewa doka ba ta da wuri. Ƙasar Ostareliya ma ta kafa dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafafen a ƙarshen 2024. Amma hukunci yana riskar wanda ya riga ya yi suna ne, bayan aikin gama ya gama. Yarinyar da ba ta karya kowace doka ba, wadda kawai take kwana da baƙin cikin cewa hotonta bai samu yabon da na ƙawarta ya samu ba, babu kotun da za ta kai gare ta. Wayar da aka ƙwace a makaranta kuma tana jiran ɗalibi a gida ranar hutu, zai koma mata da tunanin da ya bar ta da shi.

A nan ne wasan kwaikwayo ke da aikin da allo da bulala ba su iya yi, kuma ba aro za mu yi ba. Tun kafin boko, yara kan yi tashe a watan azumi suna kwaikwayon malami da tsoho da maigida, jama'a na dariya suna kuma gane hannunka-mai-sanda. A fada akwai wasan gauta, inda mata ke kwaikwayon sarki da fadawansa a gabansu. A karkara samari kan yi kalankuwa bayan kaka, su naɗa wa junansu muƙaman masu mulki. Da boko ya zo, makaranta ce ta zama gidan wasan kwaikwayon Hausa na rubuce. Wani Bature, Rupert East, ya fitar da littafin wasanni shida a 1930 domin ɗalibai. Malam Aminu Kano ya rubuta gajerun wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, da ya zama malami a Midil ta Bauchi kuma ya ci gaba da amfani da su wajen koyarwa da sukar zalunci. Marigayi Ɗanmasanin Kano, Yusuf Maitama Sule, wanda har yau ake misali da fasaharsa ta magana, ɗan wasan kwaikwayo ne tun yana malamin makaranta. Ita kanta masana'antar fina-finan Hausa daga ƙungiyoyin dirama ta tsiro, don ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi Turmin Danya a 1990. Har gobe akwai wasan kwaikwayo a manhajar adabin Hausa ta WAEC da NECO, akwai shi kuma a darasin al'adu da fasahar ƙirƙira na ƙaramar sakandare. Sai dai a makarantu da yawa ya zama abin haddacewa don jarrabawa: ɗalibi ya san ma'anar jigo da warwarar jigo, bai taɓa tsayawa gaban mutum talatin ya ari bakin wani ya yi magana ba.

Yaron da ya taɓa hawa dandamali ya koyi wani abu da jikinsa wanda bayani ba ya koyarwa. Ya sa rawani ya ga 'yan ajinsu sun rusuna masa, ya cire ya ga sun koma tsokanarsa, ya gane da kansa cewa rawanin aka yi wa. Ya ga yadda ake maimaita fitowa guda sau goma kafin ta yi kama da abin da ya faru ba shiri. Daga ranar, idan ya ga hoton wani a cikin jirgin sama ko gaban katafaren gida, tambayar da za ta fara zo masa ita ce me ke bayan kyamarar, sau nawa aka gwada, na wa ne agogon. Zai kuma iya yi wa nasa hoton wannan tambaya. Wannan ne ilimin da ake ta taro a kansa da sunan wayar da kai game da kafafen sada zumunta, kuma gani ya kori ji.

Sai dai akwai tarko, Ranka ya daɗe, kuma saboda shi na dage a kan cewa ɗaliban ne za su tsara wasan. Idan aka ba malami umarni ya shirya wasa a kan illar waya, kusan kowa ya san abin da zai fito. Za a nuna yarinya ta samu waya, ta raina iyayenta, wani mai mota ya yaudare ta, ta yi ciki ko ta kamu da ciwo, a fitowar ƙarshe ta durƙusa tana kuka liman yana wa'azi. Wannan zubi yana da asali mai daraja. Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina sun yi wa zamaninsu magana, sun kuma cancanci matsayin da suke da shi. Amma idan aka juye zubin a kan yaran yau ba tare da jin ta bakinsu ba, abu uku ne sakamakonsa. Ɗaliban za su tafa su tashi, don sun san ɗaruruwan masu waya da ba su yi ciki ba, sai su ɗauki dukan gargaɗin a matsayin ƙarin gishiri irin na manya. Laifi zai sake faɗawa kan 'ya mace ita kaɗai, a bar saurayin da ya yaɗa hotonta da 'yan ajin da suka tura wa juna suna dariya. Sannan ainihin ciwon, wanda ba shi da hayaniya, ba zai taɓa hawa dandamali ba: kishin ƙawa, kunyar gidan iyaye, ƙaryar da aka fara da wasa ta zama dole a ci gaba da ciyar da ita, da kaɗaicin mai mabiya dubu biyar da ba shi da wanda zai gaya wa an kore shi saboda kuɗin jarrabawa. Yaran ne suka san waɗannan, da kalmomin da ake faɗinsu. Ka ba 'yan aji biyar mako shida da malami mai haƙuri, za su iya kawo maka wasan da 'yan wasa biyu ke taka mutum ɗaya, ɗaya ita ce ta hoto, ɗaya ita ce mai wanke-wanke a tsakar gida, suna jayayya a kan wace ce za ta je bikin ƙawarsu. Babba ba zai yi tunanin wannan a madadinsu ba.

Hanyar yin haka sananniya ce, kuma a kusa da mu aka gwada ta. Tun daga tsakiyar shekarun 1970 sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ke kai ɗalibai Samaru da ƙauyuka irin su Maska da Bomo, su saurari matsalolin mutane, su gina wasa tare da su, a yi shi a fili, sannan a tattauna. Ɗan ƙasar Birazil Augusto Boal ya ƙara wani salo, inda ake tsayar da wasa a daidai inda abu ya cakuɗe, a gayyaci ɗan kallo ya hau ya karɓi rawar ya gwada tasa mafitar. Ka kwatanta wannan a zauren makarantar 'yan mata. An kai inda wani ya ce wa yarinya ta turo hoto ko ya daina kula ta, sai a tsaya, ɗalibai biyar su hau ɗaya bayan ɗaya su gwada abin da za su ce masa. Sun yi gwajin cewa a'a da bakinsu a wurin da babu haɗari, kafin ranar da za su buƙace ta da tsakar dare su kaɗai.

Na san abin da wasu iyaye da malamai za su ce, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce: dirama ƙofar fim ce, ƙofar cakuɗuwar maza da mata da rawa da waƙa. Amsata ita ce yawancin sakandaren gwamnati a Kano na maza daban ne, na mata daban, kuma tun da can a irin waɗannan makarantu 'yan mata ke ɗaura rawani su fito a maigida, maza su yafa zane su fito a uwargida. Wasan da nake magana a kai na rana ne, a harabar makaranta, gaban shugaban makaranta da malamin addini da iyaye, babu abin da ya wajabta kiɗa a cikinsa. Wanda ke tsoron 'yarsa ta zama 'yar wasa ya tuna cewa wayar ta riga ta ba ta dandamali da 'yan kallon da bai san ko ɗayansu ba. Zaɓin da ya rage masa shi ne ko a samu wani dandamalin da babba mai amana ke tsaye a gefensa. Wasu kuma za su ce ana fama da rashin kujeru da malaman lissafi, ina kuɗin wasa? Wasan makaranta inuwar darbejiya yake buƙata da benci biyu da tsofaffin tufafi daga gida. Abin da zai ci shi ne lokaci da horar da malami, kuma ribarsa na komawa aji, domin ɗalibin da ya rubuta fitowa, ya gyara ta, ya haddace ta, ya faɗe ta da murya a gaban jama'a, ya yi darasin karatu da rubutu da magana a lokaci guda, ko da Hausa ko da Turanci.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi a ganina shi ne na uku: cewa wasan da kansa zai zama abin ɗauka a waya, a yanko inda wata ta yi kuskure ko ta yi kuka, a watsa a TikTok, maganin ya koma cuta. Wannan zai faru tabbas idan ba a yi tanadi ba, shi ya sa nake roƙon umarnin da zai kafa ƙungiyoyin ya zo da ƙa'ida a rubuce. Kada a ɗauki gwaji ko wasa a waya, ko ta ɗalibi ko ta malami ko ta baƙo. Kada a gina wasa a kan labarin wata ɗaliba da za a iya gane ta. Malamin da ke jagoranta ya san wanda zai kai wa magana a asirce idan wani yaro ya bayyana cewa abin da ake kwaikwaya yana faruwa da shi, domin za a samu irin wannan, kuma samun sa na daga cikin amfanin shirin. Rashin kyamara ma darasi ne. Yaran za su ɗanɗani yin abu mai kyau na awa guda a gaban mutanen da suka san su, a yaba musu baki da baki, ya wuce ba tare da an ƙirga masu kallo ba.

Ba sai an fara da jiha duka ba, Ranka ya daɗe. A zaɓi makarantu kaɗan na maza da na mata, na birni da na karkara, a ware musu awa ɗaya ko biyu a mako bayan tashi daga aji. A nemi sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero da kwalejojin horar da malamai da reshen Kano na ƙungiyar marubuta ta ƙasa su horar da malaman Hausa da na Turanci a lokacin dogon hutu. A ƙarshen zango na biyu kowace makaranta ta nuna wasanta a gaban iyaye, ma'aikata kuma ta tattara rubutattun wasannin, ta cire sunaye, ta karanta su da kyau kafin ta yanke shawarar faɗaɗa shirin. Ina kuma roƙonka, ranar da za a yi na farko, ka je da kanka ba tare da 'yan jarida ba, ka zauna a bencin baya har a gama tattaunawar da za ta biyo bayan wasan.

Allah ya yi maka jagora, ya shirya mana zuri'a.

Wassalam,
Naka mai fatan alheri,
Wani ɗan Jihar Kano mai kishin ilimi